Takalman Matar Dunduniya

A shekarar da aka kafa fitilun titi a layin masu gyara suka fara haɗuwa. Saurayin ya gama sakandare, aiki ya ƙi samuwa, ya shiga shagon wani tsoho don a liƙe masa takalminsa da ya buɗe baki. Tsohon ya juya takalmin, ya dubi inda ya cinye, ya ce, "Yaushe ka karye a ƙafar hagu?" Tun yana aji uku aka yi karayar, kuma bai taɓa ɗingishi ba. Washegari saurayin ya dawo da bencinsa a ka, ya ce ya zo koyon sana'ar. Daga nan 'yan layin suka laƙaba masa Dunduniya.

Shekara tara ya yi a shagon. Ya koyi ɗinki da basilla, da yankan roba, da haƙurin jiran gam ya sha iska. Amma ya fi son karanta tafin takalmi. Mutum zai kawo gyara, ya tafi da shawarar ya je a duba masa gwiwa. Wata ma'aikaciyar jinya mai kawo fararen takalmanta ce ta gaya masa ana yin digiri guda a kan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Sau biyu ya zauna jarrabawa a ɓoye.

Takardar shiga jami'a ta zo ranar Talata, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Ya ruga gida da takalmin wani direba a hannu, yana dariya shi kaɗai a titi, yana gaishe da mutanen da bai sani ba.

Matarsa ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Sannu Likita. Takalmin na wa ne?"

"Oho."

Ya ɗaga 'yarsu sama, ya zagaya tsakar gida, ya taka bokitin wanki. Suka yi ta dariya har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Sai da suka nutsu matar ta ce, "To, Baba fa?"

Nan gizo ke saƙa, don tsohon ba shi da magaji a sana'ar, hannunsa kuma ya fara rawa. Da Dunduniya ya koma shago, ya tarar da mai fenti a kan tsani, ya ƙara kalma biyu a allon shagon: DA ƊANSA. Tsohon ya damƙa masa mabuɗi, ya ce daga yau keken ɗinkin nasa ne.

Kwana uku yana haɗiye maganar. Da safe ya yanke zai zauna, da rana ya zaro takardar daga aljihu ya shinshina ta, murmushi ya kuɓuce masa. A rana ta huɗu ya ajiye ta a kan cinyar tsohon. Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallonta.

"Shekara nawa?"

"Biyar, Baba."

"Biyar, don a koya maka abin da na nuna maka a wata shida? Lallai turawan nan ba su da sauri." Ya naɗe takardar, ya miƙa masa. "Tafi. Allon dai ba zan goge ba, fenti ya riga ya bushe."

Ya tafi, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa, ya gama, ya kama aiki a asibiti. Shekara guda bayan haka ɓarin jikin tsohon ya shanye, hannun dama ya ƙi damƙar komai. Aka rufe shago. A asibiti aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefar, ya ce shi ba yaro ba ne.

Dunduniya bai yi masa musu ba. Wata safiya, ƙarfe shida da rabi, ya iso da takalmin matarsa, ɗinkin gefe ya farke.

"Baba, na kai wa mutum uku, duk sun ɓata. Ta ce in ba kai ba, a jefar."

Tsohon ya zagi mutum ukun da ƙarkataccen baki, ya ce a miƙo basilla. Minti arba'in ya ɗauka kafin ya huda rami ɗaya. Bayan kwana uku wani takalmin ya zo, sannan wani. A gida matar ta fara ɓoye na fita unguwa a cikin tukunya, shi kuma yana ganowa.

"Maigida, sau huɗu ke nan ana gyara wannan. Da me zan je aiki?"

"Ki yi haƙuri, yatsun Baba uku sun fara lanƙwasuwa."

A wata na biyar aka buɗe shagon. Tsohon ya miƙa wa Dunduniya takalmin ƙarshe da hannun dama, ɗinki a jere kamar haƙoran mataji, ya ce, "Ka gaya wa mai farke su ya bari haka, hannun ya dawo. Kuma ya daina yi da reza, yana ɓata fata."