Injin da Ba Shi da Fistin

Akwai wata jar mota da ba na jin zan manta da ita muddin ina riƙe da sifana. Lokacin na yi shekara goma sha takwas ina gyaran mota a Gwarinpa, har na kai inda nake ganin babu injin da zai ba ni mamaki.

Wani dattijo ne ya kawo ta, tsohon injiniya da ya yi ritaya daga ma'aikata. Motar tsere ce mai ƙofa biyu, ya zo da ita tun yana saurayi daga wajen karatu. Da na ɗaga bonet sai na tsaya cak. Injin ɗan ƙarami ne, ban kuma ga inda fistin zai zauna ba.

Na ce, "Baba, an taɓa yi maka sata a injin nan?"

Ya yi dariya. "Haka aka ƙera shi, ɗana. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki."

Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali ban gane komai ba.

Aiki biyu yake so. Na farko in goge maƙogwaron totur ya ƙara faɗi, iska ta riƙa shiga sosai. Na biyu in faɗaɗa wata ƙaramar ƙofa da hayaƙi ke zurarewa ta cikinta a jikin turbo, na'urar da ke cusa wa injin iska don ƙarin ƙarfi. Ya ce da shi zai yi da kansa, amma hannunsa ya fara rawa. Da ƙyar ya zana mini iyakar da zan tsaya da jan alƙalami.

Na farkon na fahimta, na kuma yi shi tsaf. Na biyun ne ya ɗaure mini kai. Kwana biyu ina juya turbo ɗin a hannu. Hayaƙin nan shi ke ba turbo ƙarfi. To mutumin da ke neman ƙarfi, me zai sa ya buɗe wa ƙarfin hanyar gudu? Na ce ko tsufa ne ya rikita shi. Lambarsa tana wayata, amma na ji kunyar a ce ni oga guda ina tambaya. Sai na goge bakin ƙofar ya yi ƙyalli, na bar ramin yadda yake, na mayar.

Ranar Asabar da safe muka hau hanyar Bwari gwaji, shi ke tuƙi. Motar tana wani irin kuka mai zaƙi, yana ta murmushi. Da ya taka sosai sai na ga allurar agogon da ke nuna ƙarfin turbo tana hawa ba ta tsayawa. Ni a zatona abin kirki ne. Shi kuwa murmushinsa ya ɗauke. Kafin ya ɗaga ƙafa muka ji ƙas, motar ta fara karkarwa.

Ya gangara gefe ya kashe ta. Idonsa na kan sitiyari ya jefo mini tambaya.

"Ka faɗaɗa ƙofar?"

"A'a, Baba. Na ga kamar ƙarfi za ta rage."

"Ita ce ke hana ƙarfin ya wuce abin da injin zai ɗauka." Ya juyo ya dube ni. "Me ya hana ka tambaye ni?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani siririn ƙarfe ne ya karye a bakin kusurwar ƙarfen nan mai juyawa, kuma babu irinsa a ƙasar nan. Wata bakwai muka jira. Da kayan suka iso, ya ƙi kai motar wurin wani. Kullum sai ya zo ya zauna a benci yana faɗa mini, ni ina haɗawa, kowane noti sai na tambaya. Amma kafin mu gama, likita ya hana shi tuƙi saboda idonsa. Ranar da motar ta tashi, ni na tuƙa, shi yana gefe ya rufe ido yana sauraron injin.

Watannin da na cinye masa su ne na ƙarshe da zai iya riƙe sitiyari, kuma ba ni da yadda zan mayar masa. Tun daga nan na koyi furta "ban gane ba" a gaban kowa, kafin in ɗora hannu a kan abin da ba nawa ba.