Kin Tafi Da Sunan Jolene, Unci

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, aka sanar da mu rasuwar Unci Ardella Slow Elk, kakar kowa a garin Wanblee (Unci na nufin kaka da harshenmu). Na yi kuka, Unci, amma ba zan ɓoye miki ba, haushinki nake ji.

Alherinki ba ya musantuwa. An doke ki a makarantar kwana saboda yin magana da harshenmu na Lakota, kika girma kika mayar da madafarki makaranta. Yaro ba ya taɓa soyayyen burodinki sai ya roƙa da Lakota, amma ban taɓa ganin wanda ya fita da yunwa ba. Sai dai taurin kai! Ranar da na zo ɗaukar muryarki, kika jefa wayata cikin gwangwanin fulawa, wai harshe a bakin yara ake ajiye shi.

Bara na kawo miki taba bisa al'ada, na roƙi ki raɗa wa 'yata Jolene sunan Lakota, wanda kakanni za su gane ta da shi ranar da ta riske su. Kika karɓa, kika ce kin ga sunan a mafarki, amma ba za ki furta ba sai yarinyar ta iya tsayawa gaban jama'a ta gabatar da kanta da harshenmu. Na ce ko a kunne ki faɗa mini. Kika harare ni: "Ke jikata, gaggawar me kike? Mutuwa aka ce miki zan yi?"

To ga shi nan. Jolene ta bar ƙwallon kwando ta tare a madafarki, har bakinta ya faɗa da Lakota. Na ɗinka barguna masu tauraro na rabo a ranar raɗin sunan, idona ya kusa tsiyayewa. Jiya a gaban gawarki Jolene ta miƙe ta gabatar da kanta da harshenmu ba tuntuɓe, tsofaffi suna share hawaye. Da ta zo wurin suna sai ta yi shiru. Haba, Unci!

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Orville da dukan jikoki. Mahalicci ya ji ƙanki, ya sauƙaƙa miki hanyar taurari da rayuka ke bi, ya sada ki da danginki. Amma kada ki yi nisa. Ranar da Jolene za ta biyo, bayan tsufa mai tsawo, ke za ki tsaya a bakin hanya ki kira ta, tunda babu wanda ya san sunan sai ke.