Sadakar Arba'in Ɗin da Ya Kura Ta Ƙi Yi

Jama'a, a gyara zama! Ga Ya Kura ta Babura, Janar ta masu ƙosai, mai kasko ɗaya da taurin kai goma, wadda liman ma in ya hango ta sai ya canza hanya.

Ɗa ɗaya gare ta, Halliru, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. A wani ƙauye can gabas, Manjo Na'Allah, ɗan ƙasarmu ne kuwa, ya ce a harbe mutanen da suka riga suka ɗaga hannu, har mata da tsofaffi. Halliru ya sauke bindigarsa. Manjo ya fara harbe shi kafin su. Daudu na Roni, sojan da ya dawo da ƙafa ɗaya, shi ya gani, shi kaɗai kuma ya yarda ya faɗa.

Ya Kura ta yi sadakar uku, ta yi ta bakwai. Da arba'in ta zo, ta kife tukunya. Ta ce ba za ta rufe makoki ba sai Na'Allah ya tsaya gaban alƙali. Ta tara matan da yaƙi ya cinye wa 'ya'ya, daga Gwiwa har Achilafiya, suka yi ƙungiya. Sun je Kazaure, an ce maganar soja ce. Sun je Kano, an ce yaƙi ya wuce, a yafe. Shekaru suka tafi, matan suna raguwa, Daudu yana tari.

Shi kuwa Manjo ya yi ritaya, kuɗin man fetur ya buɗe, ya zama ɗan kwangila. Bana ya aiko da bijimi da buhunan shinkafa, wai a yi wa Halliru sadakarsa. Dattawa suka ce ta karɓa, magana ta mutu. Ni kaina, gaskiya, na fara wasa haƙora.

Da kanta ta ja bijimin nan, ta ɗaure shi a jikin motar Manjo, ranar kasuwa da ya shigo gari, kowa na kallo.

Da sati ya zagayo na same ta a bakin kasko. Na ce, "Iya, ranki ya daɗe! Kin kayar da Manjo ba harsashi. Rediyo ya kamata a kai ki!"

Ba ta ko ɗago ba.

"Jiya aka binne Daudu. Wa zai yi shaida yanzu, kai? Matsa, ɗan nan, ka tare min iska."