Gajimare a Ƙarƙashin Ƙafar Taubashina

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. In ka fito Cadawa ka doshi Agiye, abin da ya fi komai tsawo a hanya shi ne gawo, sai ko ƙarfen salula. Tudun da muke kira tudu, jaki yakan haye shi da kaya bai ma sani ba. Shi ya sa tun ina lakol, ranar da malaminmu ya rataya taswira a bango ya nuna mana wuraren da aka shafa wa ja, ya ce duwatsu ne waɗanda kansu ya wuce gajimare, abin ya zauna mini a rai. Ban yi nisa da karatu ba, na koma gona kamar kowa, na yi aure, na tara iyali, amma sha'awar ganin dutse ba ta bar ni ba.

Ina da taubashi a Gidan Sori, ɗan gwaggona, sa'ana ne. Dogo ne siriri, bakinsa ba ya hutawa, in ba magana ba to dariya. Duk lokacin da na ɗauko zancen duwatsu sai ya ce, "Kai ɗan namiji, dutse ai na niƙa ne, ga shi nan a tsakar gidan Inna, je ka hau."

Wata shekara bayan an gama girbi, wani furoje na taimakon manoma da ke aiki da mu kan sassabe, wato barin 'ya'yan itace su tashi a gona maimakon a sare su, ya ce zai kai manoma ƙasar Habasha, mu ga yadda suke riƙon ƙasa a kan tsaunuka, su kuma su ji yadda muka maido da gawo. An ɗauke ni saboda ina ɗan jin Faransanci. Shugabar tafiyar, wata ma'aikaciyar gona daga Maradi da muke ce wa Madam, ta ce ana son mutum guda daga wajen Gidan Runji. Ni da bakina na ba da taubashina, tunda Gidan Sori a can wajen take. Na yi tunanin zan samu abokin hira, kuma zan samu wanda zan riƙa yi wa bayani.

Tun daga saukarmu jirgi na gane jikina bai yarda da ƙasar ba. Benen masauki ɗan kaɗan ne, amma kafin in kai ɗaki zuciyata na dukan ƙirjina kamar ana sussuka. Madam ta ce garin kansa a bisa yake, iskar wurin ba ta da kauri, kowa zai saba. Kowa ya saba kuwa, ban da ni. Taubashina ya ɗauki jakarsa da tawa ya haye yana waƙa.

Faransancin da nake taƙama da shi bai yi mini rana ba, don mutanen can ba su jin shi. Ni da taubashina muka zama ɗaya, kowa sai ta bakin tafinta. Sai dai shi bai jira tafinta ba. Kafin mu bar babban birnin ya koyi gaisuwarsu, yana karya ta yadda ya ga dama, su kuma suna ƙyalƙyala dariya suna dafa kafaɗarsa. Abincinsu wata waina ce mai faɗin faifai, mai tsami, ana zuba miya a kai. Ni loma ɗaya na kai na janye hannu. Shi ko ya naɗe hannun riga ya ci nashi, ya jawo nawa, har mai abincin ta ƙara mishi tana shi mishi albarka da harshensu.

Muka ɗauki hanyar arewa a mota. Na daɗe ina sawwara dutse a raina, amma ashe ban san komai ba. Hanya ta riƙa naɗewa a jikin tsauni kamar rawani. Ka leƙa ta taga ka ga kwari ya tafi ƙasa, ya tafi, har shanu su koma kamar tururuwa. Gonaki hawa-hawa, an tare kowace da jeren duwatsu, ƙasa baƙa wuluk mai maiƙo, sha'ir da alkama sun yi ruwan zinariya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Ko'ina ƙorama na gangarowa, ta tsallake hanya ta wuce abinta, ba mai tare ta, ba mai ko kallonta. Na tuna rijiyar garinmu, yadda sa yake jan igiya ya yi nisa kafin guga ya fito. Na ce a raina, Allah mai rabo, wasu Ya ba su har suna zubarwa. Na yi istigfari, amma da muka sake tsallake wata ƙoramar sai da na sake jin abin.

Duk wannan kallon da ciwon kai nake yin shi, na jingina da gilashi. Taubashina yana gaba kusa da direba, an ba shi wurin tun rana ta farko, suna hira da hannu. In ya ga abu sai ya juyo. "Ɗan namiji, tashi ka ga dutsenka, ya fi na Inna."

Da aka gama zagayen gonaki, masu masaukinmu suka ce ba za mu koma ba sai sun kai mu wani wuri da suke alfahari da shi, bakin wani tsauni inda ƙasa ta yanke. Da safe muka tarar ciyawa ta yi fari fat, raɓa ce ta daskare. Ruwan alwala kamar ana yanka hannu da wuƙa. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa. Aka ba mu ɗan jagora, wani dattijo gajere mai sanda, yafe da farin mayafi.

Na yi niyya, Allah Ya sani. Na ce ko da rarrafe sai na kai. Muka bi ta cikin wasu itatuwa da ban taɓa gani ba, kamar an dasa kabeji a kan turmi. Tun ina ƙirga taku ina hutawa har na daina ƙirgawa. Kaina ya yi kamar an ɗaure da tsirkiya, idona ya soma ganin duhu-duhu, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa ina amai. Ɗan jagoran ya durƙusa ya dubi leɓena da farcena, ya yi magana da tafinta. Madam ta ce, "Malam, ya ce ba za ka ƙara gaba ba. Ba ƙafarka ba ce, tsawon wurin ne. In ka matsa abin zai iya zama babba."

Na ce a ba ni ɗan lokaci. Dattijon ya girgiza kai.

Taubashina ya tsuguna gabana, wannan karon ba wasa a fuskarsa. "Bari in zauna da kai. Ni me ya dame ni da dutse?"

Wannan maganar ita ta fi amai ɗaci. Gaskiya ya faɗa, bai dame shi ba, bai taɓa damunsa ba, ga shi kuma tsaye garau, ko haki ba ya yi. Na ce, "Tashi ka tafi. Mu biyu mu zo daga Nijar mu koma ba wanda ya gani?"

Ya tuɓe bargon da ya yafa ya lulluɓa mini. Aka rako ni baya kaɗan zuwa wata bukkar dutse ta wani tsoho makiyayi, aka bar ni wurinsa. Na bi su da ido suna hawa, suna ƙanƙancewa. Shi ne a gaba, har ya wuce ɗan jagoran, doguwar rigarsa shuɗiya tana kaɗawa, har hazo ya rufe su.

Tsohon bai dame ni da magana ba, da ma ba mu da harshen yin ta. Ya hura wuta, ya dafa mini wani ruwan ganye mai zafi, ya zauna yana murza igiya. Tumakinsa masu gashi kamar an yafa musu buzu suna kiwo kewaye da mu. Can sai ga wasu birai sun gangaro garke guda, manya, masu geza kamar zaki, da jan tabo a ƙirji. Suka zauna dirshan kusa da mu suna tsinkar ciyawa da yatsu suna ci, suna gunaguni kamar mata a gidan suna. Wani ƙarami ya zo har kusa da takalmina ya leƙa ni. A wata ranar da wannan kaɗai ya ishe ni labari. Amma ni idona na kan hanyar da suka bi, ina ta lissafin yanzu sun kai, yanzu yana tsaye a wurin, yanzu yana kallon abin da na yi shekaru ina jira.

Sai bayan azahar suka dawo. Na shirya wa surutunsa, na ma tanadi amsar da zan mayar mishi. Sai ya zo ya zauna gefena shiru. Tun muna yara ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Da ya yi ta zuba da na ce ƙari yake yi. Shirun nan ya tabbatar mini abin da ya gani ya fi ƙarfin baki.

Na gaji na ce, "To?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, gajimare a ƙasa yake." Bai taɓa ce mini ɗan'uwa ba. "Ka zo tafiya kawai sai ƙasa ta ƙare. Na kwanta rubda ciki na leƙa. Gajimare na can ƙarƙashina kamar an baza kaɗa, kawunan duwatsu sun huda shi sun fito. Ga wani ruwa yana faɗowa daga wancan gefen, kafin ya kai ƙasa ya zama hayaƙi. Tsuntsu na shawagi, ni ina kallon bayansa." Ya share ido da bakin riga. "Ban san sa'ad da na soma kabbara ba."

Ya miƙo mini salularsa, ya ce ya ɗauko mini hoto. Na duba. Fari ne kawai, sai ɗan yatsansa a gefe. Na mayar mishi na ce ya yi kyau.

Da muka gangaro ƙasa ciwon ya sake ni kamar ba a yi ba. A hanyar komawa aka biya da mu wani babban kogi inda ruwa ke zubowa daga bisa da ruri, feshinsa na jiƙa mutum tun daga nesa, bakan gizo tsaye a ciki. Wannan kam na gan shi da idona, na tsaya har rigata ta jiƙe sharkaf. Na juya in ga ko ya kama shi kamar yadda ya kama ni. Yana kallo, yana murmushi, amma irin murmushin wanda ya riga ya ƙoshi aka kawo mishi fura. Nan take daɗin ya ragu mini.

Bayan mun dawo gida labarin ya zama nashi. Ranar kasuwar Cadawa yakan zo sayar da wake, kafin ya sauke buhu daga amalanke an kewaye shi. Yana ba da labarin waina mai tsami, da ruwan alwala, da gajimare. Mutane su riƙe baki, wani ya ce ƙarya ce, sai ya nuno ni. "Ga ɗan namiji nan, tare muka je, ku tambaye shi." Ni kuma in ce, "Haka ne." Ko sau ɗaya bai taɓa faɗin inda aka bar ni ba. Taubashi ne, yana da ikon ya yi ta tsokanata da wannan har mu tsufa, ba mai hana shi, amma bai taɓa ba. Da ya yi, da na samu abin da zan riƙe shi da shi. Sai ya zamana ya fi ni huhu, ya kuma fi ni kara, ni ko ina zaune gefen buhunan wakensa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da bazara na je Gidan Sori gaida gwaggo. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gujiya. Bayan mun gaisa ta ce, "Wannan yaron ya cika mana kunne da gajimare. Kai ne mai son abin tun kana ƙarami, amma ban ji ka ce komai ba. Ko ƙarya yake shara mana?"

Na ce, "Ba ƙarya ba ne, Gwaggo. Shi ya kai, ni ban kai ba. Numfashi ya gaza mini a hanya."

Ta ci gaba da ɓara. "To kai me ka gani?"

Na ba ta labarin tsohon da bukkarsa, da tumaki masu buzu, da biran da ke cin ciyawa kamar awaki. Ta yi dariya har da tari, ta sa na maimaita yadda ƙaramin ya leƙa ni. Ta ce, "Wannan bai gaya mana ba."

Na ce ai bai gan su kusa ba. Na ji daɗin faɗin haka fiye da yadda ya kamata.

Da la'asar ya ɗauke ni a babur zai kai ni bakin kwalta. Yashi ya yi yawa, muna tafe muna tangaɗi tsakanin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Ya ɗan juyo da kai ya ce, "Ka san tsuntsun nan da na ce na ga bayansa? Jiya na yi mafarkinsa."

Na ji abin ya taso mini kamar ranar farko. Na ƙara riƙe ƙarfen baya, na ce, "Dubi gabanka kar ka kada mu." Muka ɗan ƙara gaba. Sa'an nan na ce, "Wane launi ne bayan nashi?"