Dutsen da Maman Chidi ta kawo mini

Ku gafarce ni 'yan'uwa, na san kowa da abin da ya dame shi. Na daɗe ina jin nauyin wannan magana, yau dai na kasa riƙe ta.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ina tuƙa tuwo a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi muciya ta suɓuce mini. Na kai hannu, hannu ya ƙi zuwa. Na buɗe baki in kira Malam, maigidana, harshe ya yi nauyi.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin dama. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Sarƙata ta aure a kantin magani ta ƙare.

Amma abin da ya fi tsorata ni sallah ce. Ruwa ya gagare ni. Malam ya ce in yi taimama, to ina dutse a ɗakin mata? Mai jinyata Yaya Abu, yayar Malam ce, ita ma da ƙyar take tashi. Na kwanta ina ji ana kiran sallah, hawaye na bin kunnena.

Gadon kusa da ni wata Kirista ce 'yar kudu ke jinyar surukarta. Maman Chidi, mai sayar da manja a kasuwar Tarauni. Mun taso ana ce mana ba su san tsarki ba, gaisuwa kawai nake yi mata.

Ashe ta ji muna zancen taimama. Washegari sai ga ta da ɗan dutsen niƙanta a leda.

"Hajiya, na wanke shi da sabulu na shanya. Ko ƙanshin tattasai babu."

Yaya Abu ta ce, "Dutsen gidansu za ki shafa a fuska?"

Maman Chidi ta yi dariya. "Inna, dutse bai taɓa zuwa coci ba."

Ita ke ɗaga mataccen hannuna ta ɗora a kai. Tana jin ladan za ta ce, "Tashi, an kira ku." Ran Lahadi ma sai ta ga na yi asuba take tafiya wajen ibadarta.

Da gashin jiki da atisaye, a hankali na taka da sanda, har na yar da ita. Alhamdu lillahi.

Da na iya shiga mota na je kasuwa in gode mata. Maƙwabtan rumfarta suka ce sun koma kudu da gari ya rikice. Ko sunanta na yanka ban tambaya ba.

Don Allah ku riƙa auna jininku, kada ku jira irin tawa. In za ku dubiya, ku tambaya ko mara lafiya yana samun sallah.

Maman Chidi doguwa ce, mai wushirya, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Yanzu ta tsufa, ni ma haka. Wanda ya san inda take, ko ya san ɗanta, ya taimaka ya amsa mini da wuri. Ina so ta ji muryata da ta dawo.