Ƙanƙarar Yaya Safiya

Lahadi, Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Kurayyat, rungume da kula. A cikinta akwai kwalabe goma sha biyu na allurar ciwon suga, a jere tsakanin ledojin ƙanƙara. Na yayata Safiya ne, wadda ke aure a Sudan. Yaƙi ya kore su daga Madani zuwa Gadarif, kuma wata uku ke nan tana neman allurar ido rufe. Mai kantin magani ya ja mini kunne cewa in zafi ya buge ta, ta zama ruwa kawai.

Ummi, mahaifiyarmu, ta biyo ni har ƙofa. "Ya Ilyasu, ko kai za ka narke, kada maganin nan ya ji rana. Yalla, Allah ya tsare."

Kwana tara na yi ina bin kafilina, wato maigidana, wanda nake tuƙa wa mota a Abhur, kafin ya ba ni izinin fita na sati biyu. Tasi ta kai ni tashar jirgin ruwa a riyal ashirin, amma jirgin bai motsa ba sai bayan la'asar. Na roƙi mai dafa abincin jirgin ya ajiye mini kular a firjinsa.

Kusa da ni wani dattijo Basudane ya zauna, tsohon malamin makaranta. Na tambaye shi me janar-janar ɗin nan biyu da ke yaƙi a ƙasarsu suke wa faɗa. Ya ce, "Tare suka ture babbansu, tare suka kori farar hula. Da suka waiwaya, kujera ɗaya ce ta rage." Ka ji fa! Gardawa biyu sun kasa raba kujera, shi ya sa nake ratsa teku da magani kamar mai fasa-ƙwauri.

Litinin, Sawakin

Mun sauka ƙarfe bakwai na safe, ba mu fita daga hannun kwastan ba sai azahar. Motocin Kasala sun riga sun tafi, dole na kwana a wani masauki da babu wuta. Na ci wake da burodi, na nufi wurin masu kifi na sayi ƙanƙara. Ƙarni take yi, amma ranar ta fi mini turare.

Talata, hanyar Kasala

Bas ta tashi ƙarfe shida. Shinge bakwai muka wuce, kowanne sai an sauka an jeru da takardu a hannu. A na biyar, wajen sha biyu da rabi, wani soja dogo ya buɗe kular. Bai ko kalli kwalaben ba. Ya ciro ledojin ƙanƙara duka uku, ya ce da Larabci, "Shugaba yana son ruwan sanyi."

Can gindin wata bishiya shugaban nasu yana kishingiɗe, ya tuɓe takalma yana danna waya. Na yi bayani, na nuna takardar likita, na yi magiya. Ko gezau. Raina ya ɓaci, kuma mu 'yan Jidda muna da wani hali: in Balarabe ya ƙular da mu, sai mu zage shi da Hausa muna murmushi. Na ce, "Ɓarayin banza, Allah ya isa."

Sojan ya tsaya cak. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce da Hausa tsantsa, "Ɗan'uwa, kama bakinka. In wancan ya ji kana wannan yare, zai ce sojan haya ne kai daga yamma, kuma ba za ka kwana a duniya ba."

Ashe Bahaushen can ne. Na ce, "To tunda ka kira ni ɗan'uwa, maganin yayarka ne. Bar mini ko leda ɗaya."

"Ya riga ya ƙirga su da ido," in ji shi. "Ni ma tawa uwar ban san inda take ba." Ya juya ya tafi da su.

Ina kallo aka zuba ƙanƙarar Yaya Safiya a jug, mutumin ya sha, ya kuskure baki, ya wanke ƙafa da sauran. Wallahi ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar ranar ba. Awa biyu suka ƙara riƙe mu cikin rana.

Wata mata mai sayar da shayi da ke bayana a bas ta karɓi kwalaben, ta naɗe su a tsumman buhu, ta jiƙa da ruwan shanta, ta rataye a taga inda iska ke bugawa. Da ya bushe sai wani fasinja ya miƙo gorarsa. Direba ma ya ba da tasa. Haka muka shiga Kasala da magariba, duk motar da ƙishirwa. A masauki na tura ƙunshin ƙarƙashin randa.

Laraba, Gadarif

Ƙarfe goma sha ɗaya na iso makarantar da aka tsugunar da su Yaya Safiya, iyali huɗu a aji guda. Yaya Safiya tana zaune a tabarma, ta rufe ƙafafunta da mayafi. Ba ta tashi ba. Mijinta ne ya janye mayafin: sati biyu da suka wuce aka yanke ta hagu daga gwiwa, saboda gyambon da sugan ya hana warkewa.

Wata nas ta ɗaga kwalaben a haske ɗaya bayan ɗaya. Ta ware biyar, ta ce sun lalace. Bakwai za a gwada.

"Kada ka gaya wa Ummi," in ji Yaya. "Hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ka rantse." Na rantse. Ran Juma'a da zan tafi ta dage sai ta raka ni tasha, aka ɗora ta a amalanken jaki.

Litinin, Jidda

Na shiga gida ƙarfe goma na safe. Ummi ko ruwa ba ta bari na sha ba.

"Ya isa da sanyinsa?"

"Ya isa, Ummi."

"Ita fa? Ta rako ka har mota?"

"Har mota."

"Alhamdu lillahi. Halas, shi ke nan, tunda tana takawa, hankalina ya kwanta."

Na shige banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai shayi da direba da duk wanda ya haƙura da ruwansa a motar nan. Su kuwa masu rigimar kujera, sun ci ƙafar yayata, sun sa na yi wa uwata ƙarya ina kallon idonta. Ban yafe ba.