Kwalliyar Kek a Cikin Takaba

Da ruwan fari aka kawo ni ƙauyen su mijina, can bayan Tsanyawa, jim kaɗan bayan an kai shi makwancinsa. Ɗakin da muke ciki a Rijiyar Zaki na haya ne, ga shi ba mu haihu ba, sai mahaifinsa, wanda kowa ke kira Malam, ya ce ba za a bar yarinya ita kaɗai a birni tana takaba ba. Ban yi musu ba, don a lokacin ko rijiya aka nuna mini aka ce in shiga, zan shiga. Akwati ɗaya na ɗauko, sai wata jaka da na cusa kayan sana'ata a ciki: ƙananan gwangwanayen gasa kek, abin buga ƙwai, da kwalbar filebo ta banila sabuwa fil, wadda marigayi ya sayo mini a satin da zazzaɓin ajali ya kwantar da shi.

Gidan ƙasa ne, gona ta kewaye shi ta ko'ina. A can babu jeji, babu fili, gonar wannan na ƙarewa ta wancan ta fara, har jikin katanga ake shuka. Da na zo, idan na taka turmi ina hango titi da motocin da ke wucewa birni. Kafin a jima gero ya tashi ya rufe titin, daga baya dawa ta taso ta rufe geron. Sai ya zama iyakar ganina tsakar gida, rumbu biyu, da ƙofar ɗakin Inna, uwar mijina, wadda ke kallon madafa kai tsaye.

Inna ce ta karanta mini dokokin takaba, kamar ban taɓa shiga Islamiyya ba. Ba fita, ba lalle, ba kwalli, ba turare, ba wata kwalliya kowace iri. Na ce to. Mace ce doguwa, marar yawan magana, kuma tun da na zo ban ga ɗigon hawaye a idonta ba. Mijina ne ɗanta na fari, don haka ko yana raye ba ta kama sunansa, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa. Na san al'ada ce, amma na ɗauka mutuwa za ta karya ta. Mata suna zuwa gaisuwa suna sharɓar kuka, ita tana ba su haƙuri tana miƙa musu ruwa, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Shekarar ce kuma man fetur ya yi tashin gwauron zabi ya ja komai ya tafi da shi. Fulawa ta zama abin kallo, sukari sai a ƙulle a leda kamar magani. Duk da haka ina da abu ɗaya a hannu. Akwai wata Hajiya mai shagon kayan maƙulashe kusa da sabuwar jami'a, wadda na daɗe ina kai wa ƙananan kek masu ado a ka, tana jera su a layin sama na gilashinta. Da ta zo mini gaisuwa ta ja ni gefe ta ce in dai kek ɗina zai ci gaba da zuwa duk mako, layin nan nawa ne, kuma idan na fita takaba akwai ɗaki a bayan shagon da zan zauna. Idan kuwa ya yanke, ba za ta bar gilashi a wofi ba, ga masu nema nan birjik. Na san abin da ke jira na idan na rasa layin nan: gidan kawuna a wani ƙauye wajen Minjibir, in zauna cikin matansa ina tsinken zogale har Allah ya kawo wanda zai ce yana so. Ban gaya wa kowa zancen ɗakin ba. Yaya mai takaba za ta buɗe baki a gidan surukai ta ce tana shirin inda za ta koma?

Akwai ɗan ƙanin Malam da ke jan bas zuwa birni. Shi ya yarda zai riƙa sayo mini fulawa da bota, ya kuma kai wa Hajiya kayan. Ƙwai kuwa damina ce, na zabi ya wadata.

Ranar da na fara, da hantsi ne. Babu abin gashi na lantarki a can, ballantana wutar kanta, don haka na koma yadda na koya tun farko. Na zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya na ɗora a wuta ya yi zafi, na buga bota da sukari har hannuna ya yi tsami, na fasa ƙwai, na tankaɗe fulawa. Sannan na buɗe kwalbar nan na ɗiga. Na jera gwangwanayen a kan yashin, na rufe, na zuba garwashi a kan murfi. Ba a jima ba ƙamshi ya cika gidan, ya haura katanga, har almuru matan maƙwabta suna tambayar me aka dafa. Rabon da in ji ni ce ni tun kafin rasuwar, sai ran nan.

Da suka huce na buga aisin, wato sukarin nan mai laushi da ake haɗawa da bota, na raba biyu, na ɗiga wa rabi ruwan zoɓo ya yi ja-ja. Na ɗura a leda na yanke bakinta, na duƙa ina murɗa wa kowane ɗan fure a ka. Ban ji zuwan Inna ba, sai inuwarta na gani a kan tire.

Ta ce, "Me kike yi haka?"

Da na ce ado nake musu, ko gyara, wataƙila da labarin ya sauya. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Kwalliya nake musu, Inna."

"Kwalliya." Ta maimaita a hankali. "A cikin takaba." Ta sunkuya ta ɗauki kwalbar, ta kai hanci, ta yi saurin kau da kai, na ɗauka fushi ne. "Wannan kuma turare."

"Ba turare ba ne, Inna, filebo ne. A abinci ake sawa."

"Ina da hanci," in ji ta. Ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta ta shige ɗaki.

Maganar ta kai ga Malam, ba ta bakina ba, direban ne ya kai da ya zo ɗaukar kaya ya tarar ina kuka. Malam mutum ne mai sanyi, ya tsufa yana karantar da manya da yara a zaurensa. Ya shigo bayan la'asar ya zauna a bakin rumbu, ya sa aka kawo masa kek ɗaya, ya juya shi, ya gutsura, ya tauna a natse. Sannan ya dubi Inna ya ce, "To ke, shi kek ɗin ne mijinsa ya rasu?" Ya ce abin da aka hana mai takaba a jikinta ne da tufarta, ba a tukunyarta ba, kuma abin da ake ci ba ya zama turare don kawai yana ƙamshi. Inna ta ce, "To, Malam." Na ji kamar in yi guɗa.

Ashe fatawar Malam a zaure take kwana. Washegari na jira a maido mini da kwalba, shiru. Da na yi ƙarfin hali na ce zan sa direba ya sayo wata, Inna ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar wakenta ba. Ta ce, "Ki gasa abinki, ban hana ki neman halali ba. Amma warin nan da fure-furen nan, ba a tsakar gidana ba, sai kin fita." Ba zan iya sake kai ƙarar surukata wurin mijinta ba, ina cin tuwonta, ina kwana a ɗakin da ta share mini. Ba kuma inda zan ɓoye, tunda duk tiren da zai fita sai ya bi ta ƙofarta, ƙamshi kuwa ba a rufe shi da faifai.

Na gwada duk abin da madafar ƙauye ta mallaka. Na sa citta, na sa kanumfari, na kankare bawon lemon tsami. Wallahi ba su yi muni ba, Malam ma cewa ya yi sun fi na farko. Amma haka suke tafiya da kai a sake, ba fure ba kala, kamar an yi musu aski. A gidan wuri ɗaya ake samun sabis na waya, a lungun bayan rumbu, nan nake tsayawa kaji na tsattsage mini ƙafa ina sauraron Hajiya. Da farko da wasa take faɗa. Ta ce, "Ke, waɗannan ai fanke ne ya sa takarda. Yaran jami'a da ido suke ci, sai sun ɗauki hoto kafin su kai baki." Daga baya direba ya fara dawo mini da rabi, sun bushe. Ranar da gero ya fara fitar da kai ta kira ta ce in yi haƙuri, ta ba wata yarinya layin, ɗakin ma ita za ta shiga. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Ban ga laifinta ba.

Laifin Inna na gani, kuma na tsane ta a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Ina durƙusawa in gaishe ta da safe, ina ɗebo mata ruwan alwala, a cikina kuwa ina cewa wannan mata dutse ce, ba ta yi kukan ɗanta ba, ta kuma toshe wa matarsa hanya a kan kalma ɗaya. Na kife gwangwanayena a ƙarƙashin gado. Yini nake ina kallon katanga da kan dawa yana kaɗawa a samanta, ina jin ƙarar motoci a titin da ba na gani. Wani lokaci da azahar, idan gida ya yi tsit, sai in ji kamar ƙamshin banila ya gilma. Nakan yi a'uziyya in ce kaina ne ya fara taɓuwa.

Ana cikin yankan gero na fita takaba. Aka yi sadaka, na yi wanka, matan gida suka sa mini lalle, na ɗaura sabon zani. Kawuna ya zo da motar da zai tafi da ni, yana zaure wurin Malam. Ina haɗa akwati aka ce Inna na kira.

Ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakinta ba sai ran nan. Ta ce in saki labule. Ta jawo wata tsohuwar kwalla daga bayan jeren kwanukanta ta buɗe, kafin in ga abin da ke ciki ƙamshin ya buge ni. Hular mijina ce, wadda yake sawa ranar Juma'a, duk ta yi tabo-tabo ruwan ƙasa. A gefenta ga kwalbata, babu komai a ciki sai ɗan abin da ya maƙale a gindi.

Ta ɗauko hular ta ɗora a cinya. Ta ce, "Duk zuwan da yaron nan zai yi, da abin nan naki yake shigo mini a jaka. Ya ajiye a nan, ya ce in ji matarsa. Rigarsa, hannunsa, duk wannan ƙamshin ne. Ya tafi ya bar mini shi a ɗaki har kwana biyu." Ta shafa hular. "Ranar da kika gasa, ina tsakar gida, ga mata a zaune. Na ji shi ya shigo. Da na ƙara minti ɗaya a wajen, da sun ga abin da ba a taɓa gani ba, uwa tana birgima a kan ɗan fari."

Sai a lokacin na ga kukanta. Babu sauti, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Na rasa inda zan sa idona, na rasa inda zan kai fushin da na yi wata da watanni ina tarawa. Bai tafi ba, yana nan, sai dai ya rasa wanda zai hau. Na durƙusa na riƙe ƙafarta muka yi tare.

Da ta natsu ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗaga kwalbar wajen hasken taga ta girgiza. Ta ce, "Malam da karatunsa. Na ce miki turare ne." Har ta ɗan yi murmushi. Sannan ta rage murya, kamar mai roƙon abin kunya. "Ga shi ya ƙare. In kin huta wurin kawunki kin koma birnin naku, kin koma shagon Hajiyar nan, ki ba direba irinta ya kawo mini. Kada ki ce masa tawa ce."

A waje kawuna ya danna hon. Na dubi kwalbar, na dubi hular. Na ce, "To, Inna."